Daga sambol zuwa kundin 2025: wa ke yanke abin da ɗan lakwal zai koya a Nijar?

Shin yanzu za a daina koyar da yara da Faransanci, a koma Hausa? Tambayar da ta ƙi barin bakin mutanen Maraɗi ke nan tun ranar 26 ga Maris 2025, lokacin da Janar Abdourahamane Tiani ya sa hannu kan kundin sake gina ƙasa. Kundin ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci kuma harsunan aiki. 'Yan kwanaki kafin nan gwamnati ta sanar da ficewar Nijar daga ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci. A fada, wajen shan shayi, za ka ji saurayi yana murna wai an gama da karatun Nasara. A ƙofar lakwal kuma uwa ce ke tare mushe tana tambaya: "Malam, to takardar da yaron nan zai samu, za ta ci a wajen neman aiki kuwa?"

Mai murnar da mai fargabar duk sun ɗauka cewa da sa hannu ɗaya ake juya abin da ake koyarwa a aji. Shekara ɗari da ashirin na tarihin lakwal a ƙasar nan ba su nuna haka ba.

Abubuwa uku da ake cakuɗawa

Manhaja, ko furogaram kamar yadda malamai ke cewa, ita ce takardar da ma'aikatar ilimi ke fitarwa mai fayyace abin da za a koya a kowane aji, awa nawa a mako, da wane harshe. Sai dai takardar kashi ɗaya ce cikin uku. Akwai manhajar da aka rubuta a Yamai. Akwai wadda mushe ke iya koyarwa da abin da ke hannunsa a ajin zana a Dakoro ko Madarunfa. Akwai kuma wadda ake tambaya ranar jarrabawa. In ukun suka saɓa, ta ƙarshen ce ke kayar da sauran, domin babu uban da zai yarda a ɓata wa ɗansa lokaci kan abin da ba ya fitowa a sartifika, jarrabawar ƙarshen firamare, ko birebe, ta ƙarshen kolej.

Ana kuma cakuɗa koyar da Hausa da koyarwa da Hausa. Na farko darasi ne guda a cikin jerin darussa, kamar yadda ake koyon Ingilishi daga ajin sizyam, na farko a kolej. Na biyu kuwa shi ne a yi lissafi, kimiyya da labarin ƙasa duk da Hausa. Na farko malami ɗaya da littafi ɗaya yake bukata, na biyu sai an sake kusan komai.

Sannan "harshen ƙasa" daban, "harshen koyarwa" daban. Kundin 2025 ya ɗaga matsayin Hausa, amma dokar ilimi da umarnin ma'aikata su ne ke faɗin harshen da za a rubuta a allo.

Kafin Nasara ya zo

Ƙasar Katsinar Maraɗi da Gobir ba ta jira Bature ba kafin ta san manhaja. Yaro ya fara da babbaƙu da farfaru a makarantar allo, ya bi surori har ya sauke. Mai son ci gaba ya koma zaure: Ahalari, Ishmawi, Iziyya, Risala, har zuwa Muhtasar a fiƙihu, Ajurumiya a nahawu, Ishiriniya a yabon Manzo, ga hisabi ga mai sha'awa. Babu aji, babu shekarar karatu, kowa da inda ya tsaya a littafinsa. Abin lura shi ne matanin Larabci ne amma fassara da bayani da Hausa malam ke yi. Wato koyarwa da harshe biyu, wadda masana ke ta taro a kanta yau, tsohuwar al'ada ce a zaurukanmu. Sauran ilimi, na noma, ƙira, jima, fatauci, a gida da kasuwa ake ɗaukarsa.

Lakwal ta Nasara: an ɗinka ta daidai bukatar kumandan

Kuskure mafi yaɗuwa shi ne zaton Faransawa sun kwaso karatun ƙasarsu sun zuba mana. Kusan shekara arba'in akasin haka suka yi, da gangan.

A Nuwamba 1903 babban gwamnan Afirka ta Yamma ta Faransa, Ernest Roume, ya fitar da dokar da ta tsara makarantu hawa-hawa: lakwal ta ƙauye, lakwal ta yanki, ta birni, sai makarantar horon malamai a Sanagal, wadda daga baya aka sa wa sunan William Ponty. A ta ƙauye ana koyon magana da Faransanci, ɗan karatu da rubutu, ƙidaya, awon mita da kilo, tsabta, da aikin gona. Wanda ya yi fice ya wuce ta yanki, inda ake ƙara tarihi da labarin ƙasa. 'Yan ƙalilan ne ke kai wa Ponty. Abin da mulkin ke nema a bayyane yake: tafinta, akawun da zai rubuta haraji, malamin asibiti, ma'aikacin gidan waya, da malamin da zai haifar da irinsu. Georges Hardy, wanda ya riƙe harkar ilimin yankin daga 1912 zuwa 1919, bai ɓoye ba, sunan littafinsa ma cin ƙasa ta hanyar zukata yake nufi. Tsoronsu kullum shi ne kada a yi wa baƙar fata ilimin da zai sa ya raina gona ya kuma fara tambayar kumandan dalili.

Nijar ta zo a ƙarshen layi. Yankin soja ce har 1922, babban birni yana Damagaram har 1926 kafin a mai da shi Yamai, kuɗin da ake warewa makaranta kuma bai taka kara ya karya ba. Yaran ma da ƙarfi ake ɗibarsu. Kumandan ya ce wa sarki a kawo yara kaza, sarki ya ce wa mai gari, mai gari ya duba gidan da ba shi da gata. Masu hali da yawa sun ɓoye 'ya'yansu sun tura na bayi da na talakawa, abin da wasunsu suka yi da-na-saninsa bayan shekara talatin, da suka ga waɗanda aka tura sun dawo su ne masu riƙe da ofis. Boubou Hama, malamin makaranta na farko ɗan Nijar da ya fito daga Ponty, sai 1929 ya fara aiki.

Dokar gwamna Jules Carde ta 1924 ta jaddada cewa Faransanci kaɗai za a yi amfani da shi a makaranta, an hana malami yi wa yara magana da harshensu. Daga wannan tunani sambol ya fito: wani abu mai muni, ƙashi ko katako, da ake rataya wa yaron da aka ji ya yi Hausa, shi kuma ya yi ta kasa kunne ya kama wani ya miƙa masa, wanda abin ya kwana a wuyansa ya sha bulala. Sambol ya daɗe bayan tafiyar Nasara. Ni kaina na rataya shi, a hannun malami Bahaushe ɗan'uwana, kuma laifina a ranar bai wuce na ce wa abokina "ba ni alli" ba. Abin da ya koya mana da gaske shi ne yin shiru a aji da leƙen asirin juna.

Ga wani abin dariya mai ciwo. Diori Hamani, wanda ya koyar a Yamai da nan Maraɗi bayan ya fito daga Ponty, an ɗauke shi zuwa Paris a 1938 don ya koya wa Faransawa masu shirin zuwa mulkinmu Hausa da Zabarmanci. Hausa ta halatta ga kumandan, ta haramta ga ɗan lakwal.

A shekarun 1930 aka ƙara matsa lamba kan noma. Jules Brévié, wanda ya yi gwamnan Nijar daga 1922 zuwa 1929 kafin ya zama babban gwamna a Dakar, ya yaɗa abin da aka kira makarantun karkara: kowace lakwal da gonarta da garkenta, yara su yi babban kaso na yini riƙe da hauya. A takarda hikima ce, ilimi daidai da rayuwar mutane. A idon manomi kuwa, an ƙwace masa yaro daga gonarsa an kai shi noma gonar gwamnati, a zamanin da ake aikin tilas. A riƙe wannan, domin shi ya sa har gobe duk gyaran da ya zo da sunan "daidaita karatu da rayuwarmu" iyaye ke yi masa kallon hadarin kaji. A wannan zamani ne kuma littafin Mamadou et Bineta na André Davesne ya shiga azuzuwa, littafin da aka rubuta musamman don yaran Afirka, wanda tsofaffin 'yan boko ke yabo har yau.

Darasin tarihi shi ma an ɗinka shi. Yaro na koyon cewa kafin zuwan Faransa ƙasashen nan yaƙi ne da kamun bayi, irin su Samori da suka yaƙi Faransa azzalumai ne, Faransa ce ta kawo zaman lafiya. Ɓarnar da rundunar Voulet da Chanoine ta yi a 1899, daga Lugu garin Sarauniya zuwa Birnin Ƙonni har inda tafiyarsu ta ƙare a Maijirgi kusa da Tasawa, a bakin kakanni ta rayu.

To ina maganar "kakanninmu Golawa"?

Akwai zancen da kowa ke maimaitawa, cewa an sa yaran Afirka haddace "kakanninmu Golawa ne", mutanen Faransa na dā. An yi, amma galibi bayan 1945, kuma abin mamaki, 'yan bokon Afirka ne suka nemi manhajar da ta zo da shi. Bayan yaƙin duniya na biyu, da taron Barazabil na 1944 kan makomar ƙasashen da Faransa ta mallaka, da dokokin 1946 da suka soke aikin tilas suka kuma ba mutanen yankunan mallaka matsayin 'yan ƙasa, wakilan Afirka suka ce ba su yarda da karatun rabi-da-rabi ba. Suna son takarda iri ɗaya da ta ɗan Faransa, wadda za ta kai mutum jami'a. Aka rushe makarantun karkara, aka kawo manhajar Faransa da jarrabawowinta: sartifika, birebe, da bak ta ƙarshen lise.

Daga nan muka gaji kusan duk abin da muka sani yau. Ƙidayar azuzuwa da baya-baya, daga sizyam zuwa turwazyam. Rabon 'yan lise zuwa A da C da D. Falsafa a ajin ƙarshe. Dikte mai sifili in ka yi kuskure biyar. Yaron da bai taɓa ganin ƙanƙara ba yana haddace kogunan Faransa alhali Gulbin Maraɗi na bayan gidansu. An gudu daga karatun raini an faɗa rigar aro, kuma wanda ya zarge su sai ya tuna cewa a lokacin takardar nan ita ce kaɗai ƙofar daidaito.

Da aka sami 'yanci ranar 3 ga Agusta 1960, yaran da ke lakwal ba su kai biyar cikin ɗari ba.

Tsallaken iyaka

Daga Maraɗi zuwa Katsina tafiyar da ba ta kai kilomita ɗari ba ce, amma Ingilishi sun bi wata hanya. Hanns Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nasarawa ta Kano a 1909 yana koyarwa da Hausa. Aka kafa hukumar fassara da talifi, aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Ba don ƙaunar Hausa suka yi ba, mulki ta hannun sarakuna ya fi musu arha, kuma su ma ba su so ɗan Arewa ya yi zurfi. Amma sakamakon shi ne can boko ya haifi littattafai da masu karanta su. A nan, in ka cire 'yan mishan na SIM da suka zauna Tsibiri tun ƙarshen shekarun 1920 suna koyar da karatu da Hausa, Bahaushen Maraɗi da ya iya karanta harshensa da baƙaƙen boko sau da yawa littafin da aka sayo daga Kano ko Zariya ne malaminsa.

Bayan 1960: an canza suna a ƙofa, an taɓa tarihi, an bar ginshiƙi

Gwamnatin Diori ta gaji ƙasa ba malamai, ba littattafai, ba jami'a. Mafi yawan masu koyarwa a kolej da lise Faransawa ne 'yan taimako, kuma ana son bak ɗin Nijar ya ci a jami'o'in Dakar, Abijan da Faransa. Wannan kaɗai ya isa ya ɗaure hannun duk mai son gyara. Taron Addis Ababa na 1961 kuma ya sa wa ƙasashen Afirka burin kowane yaro ya shiga firamare kafin 1980, sai hankali ya koma kan yawan azuzuwa.

Inda aka taɓa da gaske shi ne tarihi da labarin ƙasa. A tsakiyar shekarun 1960 ministocin ilimi na ƙasashen da Faransa ta mallaka suka amince da sabuwar manhaja mai ba da fili ga daulolin Gana, Mali, Songai, Kanem-Borno da ƙasashen Hausa. Marubutan Afirka suka shiga darasin adabi. Makarantunmu suka ɗauki sunayen mazan jiya, shi ya sa a Maraɗi muke da lise Ɗan Baskore, lise ta fasaha Ɗan Kasawa, da makarantar horon malamai Bawa Jangwarzo. Amma da Faransanci ake ba da labarin Bawa Jangwarzo, kuma da shi ake tambayarsa.

An yi gwaje-gwaje masu ban sha'awa. A 1964 aka fara koyarwa ta talabijin a wasu 'yan azuzuwa, tun kafin ƙasar ta sami gidan talabijin na jama'a, masana daga ƙasashe da dama suka zo kallo, amma abin bai yaɗu ba. A shekarar ce kuma ɗan Tasawa, Abdou Moumouni, masanin kimiyyar hasken rana wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya fitar da littafinsa kan ilimi a Afirka, inda ya kafa hujjar cewa ba za a ilimantar da jama'a da harshen da ba su ji ba. A 1966 taron UNESCO a Bamako ya daidaita baƙaƙen rubuta Hausa, Zabarmanci, Fulatanci, Barbarci da Buzanci. Manya a ajin yaƙi da jahilci suka fara karatu da harshensu, yaransu kuma na can suna gudun sambol.

Gwajin da ya shekara hamsin yana gwaji

Wanda ke ganin koyarwa da Hausa sabon abu ne na 2025 bai san labarin Damagaram ba. A 1973 aka buɗe ajin gwaji na farko a can: yaro ya fara karatu, rubutu da lissafi da Hausa, Faransanci ya shigo a hankali har ya karɓi ragama a manyan azuzuwa. A 1974 aka kafa INDRAP, cibiyar da ke rubuta littattafan makaranta. Zamanin Seyni Kountché aka faɗaɗa gwajin zuwa harsuna biyar, makarantun suka kai wajen arba'in. Binciken da aka yi ta yi a kansu ya nuna yaran sun fi sakin jiki a aji, sun fi saurin iya karatu, kuma takwarorinsu ba su bar su a baya ba ko a Faransancin.

To me ya hana a yaɗa? Jarrabawar ƙarshen firamare da Faransanci ake yin ta. Malamin da aka horar sai a yi masa canjin wuri a kawo wanda bai taɓa rubuta ƙ da ɗ ba. Littattafai na zuwa ne in wani mai ba da tallafi daga waje ya biya, in aikinsa ya ƙare su ƙare. Manyan ma'aikatan da ke yabon tsarin a taro kuma ba su kai nasu 'ya'yan ba, talaka na gani.

Takardu dai ba su yi ƙaranci ba. Muhawarar ƙasa kan makaranta da aka yi a Damagaram a 1982 ta nemi a haɗa karatu da sana'a, manhajar ƙarshen shekarun 1980 ta zo da darasin ayyukan hannu da noma, wanda a makarantu da yawa ya ƙare a shara da ɗebo wa mushe ruwa. Dokar ilimi ta 1 ga Yuni 1998, LOSEN, ta faɗa ƙarara cewa a firamare harshen uwa ne harshen koyarwa, Faransanci darasi ne tun daga shekarar farko. A 1999 aka tsayar da ƙa'idar rubutun Hausa ta Nijar. A 2001 doka ta lissafa harsunan ƙasa goma. A 2015 aka fara sabuwar manhaja mai farawa da harshen gida a makarantu 500. Wato bisa doka, fiye da shekara ashirin da biyar ke nan ya kamata ɗan CI, ajin farko na firamare, a Maraɗi yana karatu da Hausa.

Lokacin da aljihu ya karɓi alƙalami

Daga farkon shekarun 1980 kuɗin yuraniyom ya faɗi, Bankin Duniya da Asusun Lamuni suka shigo da sharuɗɗan tsuke bakin aljihu. Tun daga nan tambayar "me za a koya" ta koma bayan tambayar "nawa zai ci". Aka kawo aji mai zubi biyu, wasu da safe wasu da rana. Ɗalibai suka yi bore kan shirin gyaran ilimi da bankin ya ɗaura, ranar 9 ga Fabrairu 1990 aka buɗe musu wuta a gadar Kennedy ta Yamai, uku suka mutu, lamarin da ya share hanyar babban taron ƙasa na 1991. Shekarun da suka biyo baya yajin aiki ne da bashin albashi, har wasu shekarun karatu suka tashi a banza.

Shirin shekara goma da aka fara a 2003 ya cika azuzuwa da yara, wannan gaskiya ne, kuma nasara ce. Amma da malaman kwantaragi aka yi, masu ƙaramin albashi, da yawansu ba su sami horo ba. Aka kuma yi ta sauya salon koyarwa, daga mai bin manufofi zuwa mai bin ƙwarewa zuwa mai bin yanayin rayuwa, kowanne da taronsa da kalmominsa, kafin malami ya gane ɗaya an kawo wani. Gwajin PASEC na 2014, mai auna karatun yara a ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, ya sa Nijar a ƙarshe cikin ƙasashe goma: a ajin ƙarshe na firamare, yaran da suka kai matakin da ake bukata a karatu ba su kai ɗaya cikin goma ba. A 2017 aka yi wa malaman kwantaragi jarrabawa, kusan kashi ɗaya cikin uku ne suka sami rabin maki. Sartifika ma an soke ta wajen shekara goma, aka dawo da ita a 2024.

Mu a Maraɗi ba mu bukatar alƙaluma don mu san yanayin. Ranar 8 ga Nuwamba 2021 gobara ta cinye azuzuwan zana a cikin garin nan, yara fiye da ashirin suka rasu.

Darasin da ba ya cikin jeri

Lakwal ta gwamnati ta gaji tsarin Faransa na raba makaranta da addini, kuma wannan ya fi harshe nisanta ta da iyaye a ƙasar da kusan kowa Musulmi ne. Amsar farko ita ce madarasar Sayi ta 1957, mai haɗa Faransanci da Larabci. Daga ita tsarin faranko-arab ya yaɗu, kuma a Maraɗi ya sami karɓuwa ƙwarai, ga islamiyyu da alhazai ke ginawa unguwa-unguwa. Yau yaro ɗaya na iya yin allo da asuba, lakwal da hantsi, islamiyya da yamma. Manhaja uku a kai ɗaya, ba wadda ta san da zaman 'yar'uwarta.

Abin da kowane ɓangare ke riƙe da shi

Masu son a koma harsunan gida na cewa ƙungiyar masu Faransancin da kanta ta ƙiyasta 13 cikin ɗari ne kawai na 'yan Nijar ke jin harshen. Yaro ɗan shekara bakwai ana ɗora masa kaya biyu lokaci guda, koyon karatu da koyon baƙon harshe, daga bakin malamin da shi ma harshen bai zauna masa ba. A ganina hujjarsu kan azuzuwan farko ta fi ƙarfi nesa ba kusa ba.

Masu ɗari-ɗari su ma ba shirme suke ba. Bazabarme, Bafulatani, Buzu ko Babarbare na da haƙƙin tambaya ko ɗansa zai fita daga wani baƙon harshe ne ya shiga wani. A jihar Maraɗi kanta akwai rugage da zangon da ba Hausa ake yi a gida ba. Akwai masu cewa littattafan kimiyya na kolej da lise babu su da Hausar Nijar, masu iya rubuta su kuma kaɗan ne. Wasu na nuna Najeriya, wadda ta ayyana koyarwa da harshen uwa a firamare a 2022, ta kuma janye a Nuwamba 2025 ta koma Ingilishi, bayan an shekara uku ba littattafai ba malamai.

Sai 'yan kasuwa, waɗanda lissafinsu daban ne. Mai hulɗa da Kano da Legas da Dubai Ingilishi yake so wa ɗansa, kuma jami'ar Maryam Abacha da aka buɗe a garin nan a 2013 ta nuna akwai masu biya don shi.

Abin da zai iso gidan talaka

Ganin Dala ba shiga birni ba ne. A kusa, uban yara kada ya sa ran ganin babban canji a jakar ɗansa: bak da birebe da gasar shiga aikin gwamnati duk suna nan da Faransanci. In canji zai zo, daga ƙananan azuzuwa zai faro, kuma sai ya ɗauki shekara shida kafin zubin farko ya kammala CM2, ajin ƙarshe na firamare.

Haɗarin da na fi jin tsoro shi ne a raba yara gida biyu. In aka mai da lakwal ta gwamnati Hausa ba tare da littafi da horo ba, aka bar takardun da ke ba da aiki a Faransanci da Ingilishi, masu hali za su kwashe nasu zuwa makarantun kuɗi, ɗan talaka ya tashi ba Faransancin ba ingantacciyar Hausar. Makarantar karkara ta zamanin Brévié ke nan ta dawo da sabuwar riga, iyaye kuma za su gane ta tun daga nesa. In kuwa aka yi shi da gaske, ribar farko a gida za a gan ta: uwar da ba ta yi lakwal ba za ta iya sauraron karatun ɗanta ta ce masa nan ka yi kuskure, manomi ya karanta takardar maganin ƙwari da kansa, mai buga littafi da mai fassara su sami kasuwa.

Mai son sanin inda aka dosa, ya bar sauraron jawabai ya leƙa wurare uku. Ya je makarantar Bawa Jangwarzo ya tambaya awa nawa ɗalibai malamai ke yi a mako suna koyon rubuta Hausa da koyar da lissafi da ita. Ya buɗe jakar ɗan CI a watan Oktoba ya ga ko akwai littafi, da wane harshe, kuma nasa ne shi kaɗai ko su biyar ke rabawa. Sannan in watan Yuni ya zo, ya karɓi takardar tambayoyin sartifika daga hannun yaron da ya fito daga ɗakin jarrabawa, ya duba ko akwai tambaya ko guda da aka yarda ya amsa da harshen da yake mafarki da shi.